Ina Sauran Cajin Ya Tafi? Lissafin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayi Power Bank ko Caja a PZ

Duk wanda ya taɓa zaman rabin awa a shagon gyaran waya a PZ, ko a wajen masu cajin waya a Samaru, ya san akwai tambayoyin da ba sa ƙarewa. Wani zai ce power bank ɗinsa an rubuta masa 20,000mAh, amma da ƙyar yake cika masa waya sau uku. Wani zai rantse caja mai wat 65 ce ta kashe masa batir. Wani kuma ya ce shi da zarar wayarsa ta ɗau zafi, firji yake jefa ta. Kowa da amsarsa, kuma yawanci musun yakan ƙare ne da cewa ai kayan yanzu duk jabu ne.

Akwai jabu a kasuwa, wannan ba abin musu ba ne, ni ma na taɓa faɗawa. Amma da yawa daga abubuwan da muke ɗora wa jabu, ko kayan asali ka saya haka za ka gani, domin ba laifin kamfani ba ne, dokar Fiziks ce. Matsalar ita ce idan ba ka san inda doka ta tsaya ba, ba za ka gane inda cuta ta fara ba. Sai ka mayar da kaya mai kyau kana faɗa da mai shago, ka kuma rungumi na banza saboda an rubuta masa babbar lamba.

Dokar da za mu yi aiki da ita a yau guda ɗaya ce, kuma wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya haddace ta: makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Idan cajin da ya fita daga power bank bai shiga batirin wayarka ba, to ya tafi wani wuri. Kusan kullum wurin nan shi ne zafi.

Lambar mAh ba ta faɗa maka komai ita kaɗai

Idan wani ya ce maka yana da dubu ashirin a aljihu, tambayar farko ita ce: dubu ashirin na me? Naira, sefa ko dala? Lambar ɗaya ce, amma darajar ba ɗaya ba ce. Haka mAh take. Tana ƙirga yawan cajin da ke cikin batir, amma ba ta faɗin ƙarfin da ke tura cajin. Wannan ƙarfin shi ne bolt, wanda kake gani da harafin V a jikin caja. Sai ka ninka su biyun kafin ka samu ainihin makamashin, wanda ake rubutawa Wh.

Batirin da ke cikin power bank galibi bolt 3.7 ne. Don haka 20,000mAh, wato 20Ah, sau 3.7 ya ba ka 74Wh. Juya power bank ɗinka ka duba ƙananan rubutun da ke baya, idan na kamfani ne mai mutunci za ka ga wannan lambar ko kusa da ita. Batirin waya kuwa na yau yawanci bolt 3.85 ne ko kusa da haka, saboda haka waya mai 5,000mAh tana ɗauke da kimanin 19Wh.

Wannan ne dalilin da ya sa a filin jirgin sama ba ruwansu da mAh, Wh suke dubawa. Ƙa'idar da yawancin kamfanonin jirage ke bi ita ce power bank ya kasance a jakar hannu, kuma kada ya wuce 100Wh sai da izini. Idan ka mayar da 100Wh zuwa lissafin kasuwa, kimanin 27,000mAh ke nan.

To, 74 a raba da 19 ya kusa huɗu. Me ya sa ba ka samun huɗun?

Ladan 'yan canji

Saboda cajin ba ya tafiya kai tsaye daga wannan batir zuwa wancan. Power bank sai ya ɗaga bolt 3.7 ɗinsa zuwa bolt 5, ko 9 idan caji mai sauri ne, domin da haka ake tura wuta ta kebul ɗin USB. Idan wutar ta isa waya, sai wata 'yar na'ura a cikin wayar ta sake sauke ta zuwa abin da batir zai iya karɓa, tsakanin bolt 3 da ɗoriya zuwa 4.4. An yi canji sau biyu ke nan. Kuma kamar yadda ba ka zuwa wajen ɗan canji ka fito da kuɗinka cif, kowane canji sai an cire lada. A nan ladan yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kowane mataki, ya danganta da ingancin na'urar. Ɗumin da kake ji a jikin power bank da bayan waya lokacin caji, ladan ne kake taɓawa da hannunka.

Ƙara da abin da kebul ke ci, ƙara da cewa wayar a kunne take, tana neman sabis, WhatsApp na shigo da saƙo, wataƙila ma kana kallon TikTok tana caji. Idan ka haɗa duka, abin da zai zauna a batir daga cikin 74Wh ɗin nan bai fi 50 zuwa 58 ba. Wato sau biyu da rabi zuwa sau uku. Wanda power bank ɗinsa mai 20,000mAh ke cika masa waya mai 5,000mAh sau uku ba a cuce shi ba, kaya mai kyau ya samu.

Kamfanoni da yawa ma suna faɗin gaskiyar, sai dai da ƙananan baƙaƙe. A bayan power bank za ka ga lamba ta biyu da aka rubuta kusa da 5V, galibi tsakanin 12,000 da 13,000mAh ga mai 20,000. Ita ce abin da zai fito ta bakin USB bayan an cire ladan farko. Ni dai idan na juya power bank ban ga Wh ba, ban kuma ga wannan lamba ta biyu ba, ajiye shi nake yi.

Gwajin ledar fiya wata

Shekarun baya na sayi wani power bank a hannun wani mai talla a gefen titi, ina jiran motar Samaru. An rubuta masa 50,000mAh, ga fitila, ga 'yar farantin sola a samansa, kuma kuɗinsa bai kai na mai 10,000 a cikin shago ba. Na ce masa, "Malam, anya kuwa?" Ya ce, "Yallaɓai, sati guda za ka yi ba ka nemi wuta ba." Sau ɗaya da rabi ya cika mini waya. Bayan wata biyu ya daina aiki gaba ɗaya. Da na kai wa mai gyara ya buɗe, sai ga ƙananan batura guda biyu da aka haɗa da waya, sauran wurin kuma kwanson batura ne da ba a haɗa su da komai ba, an dai sa su don nauyi.

Da na san lissafin da zan faɗa maka yanzu, da tun a tsaye na gane. Batirin litiyam yana da iyakar makamashin da zai iya ɗauka a kowane kilo. Mafi kyawun waɗanda ake sa wa a irin waɗannan kayan suna ɗaukar kimanin 250Wh a kilo ɗaya. Wannan iyakar ta sinadaran da ke ciki ce, ba wani kamfani da zai tsallake ta da rubutu a kwali. An samu ci gaba a 'yan shekarun nan, musamman a baturan sabbin wayoyi da ake haɗa wa silikon, amma ƙari ne kaɗan, ba ninki biyu ko uku ba.

Yanzu yi lissafi. 50,000mAh sau 3.7 ya zama 185Wh. A raba da 250, ya ba ka giram 740, na batura zalla, ba a sa kwanso da na'ura ba. Don haka power bank mai 50,000mAh na gaskiya zai doshi kilo guda. Ledar fiya wata mai rabin lita nauyinta kimanin giram 500 ne. Mai 50,000 na gaskiya ya kamata ya yi nauyin leda biyu ko kusa da haka. Mai 20,000 yakan ɗan gaza leda ɗaya, tsakanin giram 350 da 450. Mai 10,000 kuwa kamar nauyin wayarka yake. Wanda na saya ko leda ɗaya bai kai ba.

Amma lura da abu guda: gwajin nan gefe ɗaya yake aiki. Idan kaya ya yi sakayau, tabbas lambar ƙarya ce. Idan ya yi nauyi, ba tabbacin gaskiya ba ne, tunda masu yin jabu sun san mutane na aunawa da hannu, suna cusa ƙarfe ko yashi. Haka abin yake da dogayen baturan nan da ake sa wa a tocila da fankar caji, waɗanda ake kira 18650, saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Mafi kyawunsu daga manyan kamfanoni yana tsayawa ne a wajen 3,500mAh. Idan ka ga an rubuta wa ɗaya 9,900mAh, ba sai ka gwada ba.

Kebul ɗin da kake rainawa

Mutum zai kashe kuɗi mai yawa a waya, ya sayi kan caja mai kyau, sannan ya haɗa su da kebul mafi araha da ya gani a faranti. A nan ne caji da yawa ke zubewa.

Kowace wayar lantarki tana yi wa wuta turjiya, kuma turjiyar nan zafi take haifarwa. Wanda ya fara auna wannan da kyau shi ne James Joule, a farkon shekarun 1840. Mutumin Salford ne, dab da birnin Manchester a Ingila, birnin da kamfanin Paterson Zochonis ke da hedikwatarsa, wato kamfanin da unguwar PZ ta samo sunanta daga gare shi. Abin da Joule ya gano shi ne zafin ba ya ƙaruwa daidai da yawan wutar da ke gudana, ninkuwa yake yi a kan kansa. Yawan wutar da ke gudana shi ne amp, harafin A a jikin caja. Idan ka ninka amp sau biyu, zafin da kebul ke fitarwa zai ninka sau huɗu. Idan sau uku, tara.

A ce kebul mai kyau turjiyarsa om 0.2 ce, na banza kuma 0.6, kana tura amp 2 a bolt 5, wato wat 10. Mai kyau zai cinye wat 0.8. Na banza zai cinye wat 2.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da cajar ta fitar. Abin da ya fi muni, bolt 3.8 kawai zai isa bakin wayar maimakon 5. Wayar na ganin haka za ta rage abin da take ja, sai ka ga ta kwana a caji ba ta cika ba, ka ce batir ne ya mutu.

Me ke sa kebul ya yi turjiya da yawa? Siririyar waya a ciki, tsawo, da kuma ƙarfen da aka yi amfani da shi. Tagulla ce ta dace, amma masu neman arha sukan sa alminiyam su shafa masa tagulla a sama, alhali alminiyam kimanin kashi 60 cikin ɗari na abin da tagulla ke wucewa da shi yake iya wucewa da shi. Kaurin roba ba hujja ba ne. Idan ba dole ba, kada ka sayi kebul mai mita biyu ko uku, kuma idan ka ji kebul ko bakinsa na ɗaukar zafi sosai, canza shi.

Wannan dokar ta Joule ita ce ta haifar da dabarar caji mai sauri. Wat shi ne bolt sau amp. Idan kana son tura wat 18 a bolt 5, sai ka tura amp 3.6. Idan ka ɗaga zuwa bolt 9, amp 2 ya isa, kuma asarar kebul za ta ragu fiye da sau uku. Dabarar da ake amfani da ita ke nan a manyan turakun da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna: ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 don kada ta ƙare a hanya. Wasu kamfanoni, kamar Oppo da tsarinsu na VOOC, sun bi ta ɗaya hanyar, suka bar bolt a ƙasa suka ƙara amp, suka yi kebul mai kauri na musamman. Shi ya sa irin waɗannan wayoyin ba sa yin caji mai sauri sai da nasu kebul da nasu kan caja.

Game da tsoron cewa caja mai wat 65 za ta ƙona waya mai karɓar wat 18: ba haka abin yake ba. Lambar da ke jikin caja iyakar abin da za ta iya bayarwa ce, ba abin da take turawa dole ba. Da zarar ka haɗa su, tana farawa da bolt 5, sai wayar ta nemi ƙari sannan ta ƙara. Tankin ruwa babba ba ya fasa kofi, famfo ne ke ƙayyade abin da ke zuba. Wannan kuwa idan cajar ta gaskiya ce, za mu zo kan ta jabu.

Haka kuma jinkirin da kake gani bayan kashi 80 ba lalacewa ba ce. Kamar cika jarka ne, idan ta kusa baki sai ka rage famfo. Batirin litiyam ba ya jure a tura shi sama da iyakar bolt ɗinsa, don haka wayar da kanta ke rage gudu.

Rana ta fi cajarka ƙarfi

Duk asarar da muka lissafa a zafi take ƙarewa, kuma zafi ne babban abin da ke tsufar da batir. Abin da ke faruwa a cikin batir haɗuwar sinadarai ce, wasu muna so, wasu kuma ba ma so, domin a hankali suke cinye litiyam ɗin da ke ɗaukar caji. A ƙiyasin da masana sinadarai ke amfani da shi, irin wannan haɗuwar takan ninka gudunta idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Kamfanin Apple ya ce an yi iPhone ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Selshiyas, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. A Zariya kuwa, cikin bazara, watan Maris da Afrilu, iskar gari kaɗai takan haura 35 da rana, wani lokacin ta doshi 40. Wato kafin ka kunna komai, wayarka ta riga ta isa iyaka.

Waya ba ta da fanka, ba ta kuma yin gumi. Randa na sanyaya ruwa ne saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafi, jikinka ma haka yake yi. Waya ba ta da wannan gatan. Hanyarta ɗaya ce, ta miƙa zafin ga iskar da ke kewaye da ita ta bayanta da gefenta. Idan ka sa mata riga mai kauri, ka tura ta ƙarƙashin filo tana caji, ka toshe wannan hanyar.

Ga wani lissafi da ya ba ni mamaki ranar da na fara yin sa. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, hasken rana na sauke kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Fuskar waya mai tsawon santimita 16 da faɗin 7.5 ta kai murabba'in mita 0.012. Ninka su, ka samu wat 12. Baƙin sikirin kuwa kusan duka yake shanyewa. Ma'ana, wayar da ka ajiye a gaban mota ko a kan benci cikin rana tana shan zafin da ya kai duk abin da caja ta wat 10 ke fitarwa, kuma ba ko ɗigo da ke shiga batir a matsayin caji. Masu Keke Napep da 'yan acaɓa da ke maƙala waya a gaba, ga rana, ga caji, ga taswira a kunne, su ne batirinsu ke fara kumbura.

Wannan lissafin ya isa ya kashe maganar power bank mai sola a jiki. Farantin da ke kansa bai fi girman fuskar waya ba, kuma farantin sola mai kyau kimanin kashi 20 cikin ɗari na hasken yake mayarwa lantarki. Daga wat 12, kusan wat 2 ke nan. Kafin wat 2 ya cika 74Wh, sai an yi awa 37 na rana mai ƙarfi, ba a sa asara ba. Rana mai irin wannan ƙarfin awa biyar zuwa shida ake samu a yini, don haka sati guda ke nan ko fiye. Duk tsawon satin kuma kana gasa baturan da ke ƙarƙashin farantin. Idan sola kake so, sayi faranti daban mai wat 20 zuwa sama, ka shanya shi a rana, power bank ɗin kuma yana inuwa. Lokacin hunturu ka riƙa goge masa ƙura, domin duk abin da ya tare haske ya rage wuta.

Firji kuwa, a'a. Ka lura da yadda kwalbar lemo mai sanyi ke jiƙewa idan ka fito da ita? Danshin da ke cikin iska ne ke zama ruwa idan ya taɓa abu mai sanyi. Haka zai faru da waya, har cikin ramin caji da wuraren da ba za ka iya gogewa ba, musamman da damina. Cire ta daga caji, cire mata riga, kashe sikirin, ajiye ta a kan siminti ko tayil a inuwa, ko gaban fanka. Minti goma ya isa.

Rashin sabis ma caji yake ci

Idan kana son kiran wani a tsakiyar kasuwar Sabon Gari, in yana kusa magana za ka yi, in ya yi nisa sai ka ɗaga murya. Haka waya ke yi da turken sabis. Saƙon rediyo yana bazuwa ne, a fili idan nisa ya ninka biyu ƙarfinsa kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, cikin gari kuma ya fi haka raguwa saboda gine-gine. Rufin kwano da bangon kankare mai rodi suna tare shi. Idan wayar ta ga sabis ya yi rauni, sai ta ƙara ƙarfin aikawa, ta kuma yi ta maimaita abin da bai isa ba. Shi ya sa a ɗakin da sabis ke layi ɗaya za ka ga caji na zuba, waya na ɗumi, alhali ba ka yi wani abin kirki da ita ba. A hanyar da ka san babu sabis, sa ta a yanayin jirgi.

Wannan ɗumin da kake ji a kunne bayan dogon kira ba wani haske mai ƙona jiki ba ne kamar yadda ake yaɗawa, zafin batir ne da na'urorin ciki. Irin hasken da ke iya fasa ƙwayoyin halitta daban yake, shi ne wanda masana ke aiki da shi cikin kariya a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda na'urar binciken nukiliya ta Najeriya ke aiki tun 2004. Saƙon waya ɗan uwan na rediyo ne, kuma a 4G abin da take aikawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ba.

Inda arha ke zama haɗari

Duk abin da muka faɗa a sama asarar kuɗi ce. Kan caja na jabu kuwa ya wuce maganar kuɗi.

Wutar da ke soket a Najeriya bolt 230 ce. A cikin ɗan ƙaramin kan cajar nan, wannan wutar na gefe ɗaya, bolt 5 da ke zuwa hannunka na ɗaya gefen, kuma abin da ya raba su 'yan milimitoci ne na tazara da abin rufi. Caja mai kyau tana kiyaye wannan tazarar, tana da fiyus, tana da abin da ke tace wutar. Waɗannan ne abubuwan farko da mai yin jabu ke cirewa, tunda ba a ganinsu daga waje. A 2013, bayan rahoton mutuwar wata mata a ƙasar Sin da wuta ta ja tana amfani da waya a caji, Apple sai da ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba yana ba da nasa a farashi mai sauƙi.

Ƙarancin wuta ba shi ne babban abin tsoro ba. Duba jikin cajarka, za ka ga 100–240V, wato ko wuta ta yi ƙasa sosai za ta yi aiki. Abin tsoro shi ne tsallen da wuta ke yi na ɗan lokaci: sa'ad da aka dawo da ita, sa'ad da janareta ke tashi ko mai ya kusa ƙare masa, da kuma lokacin tsawa. Waya a hannunka ba ta jawo aradu, amma aradun da ta faɗa kan layin wuta tana iya biyo waya har soket. Idan hadari ya taso, zare caja daga bango.

Akwai alamu biyu da wayarka ke ba ka kyauta. Na farko, idan ka sa caji sai sikirin ya fara danna kansa ko ya ƙi jin yatsanka. Sikirin na gane taɓawa ne ta ɗan canjin lantarki da yatsa ke kawowa, wutar da ba a tace ba kuma tana rikita shi. Na biyu, idan kana jin wayar na ɗan jan ka a gefen ƙarfe. Ɗan kaɗawa mai laushi kan faru ko da caja mai kyau, amma idan ya kai ga tsikara ko zafi, daina amfani da wannan cajar, kuma kada ka taɓa waya tana caji da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa a kan jiƙaƙƙen ƙasa.

Idan kuma ka ga bayan waya ya fara ɗagowa, ko sikirin ya rabu da jiki ta gefe, ko power bank ya yi ciki, iskar gas ce ta taru a batir saboda sinadaransa sun fara ruɓewa. Kada ka danne shi, kada ka huda shi da allura don iskar ta fita kamar yadda wasu ke yi, domin ruwan da ke ciki yana kamawa da wuta. Daina yi masa caji, kada ka kwana da shi kusa da katifa, ka kai wa mai gyara ya cire shi.